Abin da ke Kwance Cikin Ƙarfe: Tambayoyi da Amsoshi kan Dukan Fatar Ƙarfe da Kwaikwayonsa a Kwamfuta

Mai gareji, mai walda da ɗalibin injiniya a Maraɗi duk ƙarfe ɗaya suke taɓawa, sai dai kowa da gefen da yake kallo. Na gareji yana ganin sifirin da ya karye a hanyar Ɗan Isa, mai walda yana ganin ƙofar da ta murɗe bayan ta huce, ɗalibi kuma yana ganin launuka a fuskar kwamfuta. Ga irin tambayoyin da kan taso daga ɓangarorin uku.

Ƙarfe yana ajiye, babu lodi a kansa. Ta yaya za a ce akwai ja ko matsi a cikinsa?

Ku ɗauki bututun ƙarfe mai ɗinki, irin wanda ake ƙafar rumfa da shi, ku yanko guntu kamar tsawon tafin hannu, sannan ku tsaga shi a tsaye da faifan yanka. Faifan na fita ta ɗaya bakin, za ku ji ɗan "ƙas", tsagar ta buɗe fiye da kaurin faifan da ya yi ta. Ba wanda ya ja shi. Wani lokacin akasin haka ake gani: ana cikin yanka firam ɗin da aka yi wa walda, sai bakin ya rufe ya cije faifan, injin ya yi gurnani, har faifan ya fashe. Abin da ya buɗe bututun da abin da ya cije faifan duk abu ɗaya ne, ragowar ja da matsi da suka kwanta cikin ƙarfen tun ranar da aka lanƙwasa shi ko aka ƙona shi.

Dalilinsa shi ne wani sashe na ƙarfen ya miƙe ko ya tsuke har abada, maƙwabcinsa kuwa bai yi ba, ga su kuma a manne. Wanda ya so tsukewa aka hana shi yana cikin ja. Wanda ya so faɗaɗa aka hana shi yana cikin matsi. In aka tara su duka sai su kashe juna, shi ya sa ƙarfen ke zaune lafiya a ido. Ana auna su da megafaskal, ma'aunin ƙarfin ja ko matsin da ke kan kowane ɗan fili na ƙarfe, kamar kowane lodi. A gefen layin walda, kwantaccen jan kan kai kusan iyakar da ƙarfen zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe, wato kimanin megafaskal 250 zuwa 350 a ƙarfen gini na yau da kullum.

To cuta ne ko magani?

Ya danganta da wanne ne ke kan fata. Yawancin sassan mota da na inji ba lodi ɗaya ke karya su ba, maimaici ne. Kowa ya san yadda ake karya waya: a lanƙwasa nan, a mayar can, har ta gaji. Sifirin ɗin babbar mota haka yake sha, sai dai a hankali, sau miliyoyi. Tsagar gajiya kusan kullum daga fata take farawa, a wani ɗan karce, ko ramin tsatsa, ko kwanar da kauri ya canza. Ja ne ke buɗe bakinta. Matsi kuwa rufe shi yake yi.

Misali mai sauƙi: a ce gargada tana jan fatar sifirin da megafaskal 600 a kowane tsalle. In akwai kwantaccen matsi na 500 a wurin, abin da tsagar ke ji bai wuce 100 ba. In kwantaccen ja na 200 ne a wurin, 800 take ji. Lissafin gaske ya fi haka rassa, amma jigon ke nan.

Jirgin ƙasa ne ya jawo hankalin duniya ga gajiyar ƙarfe. A watan Mayun 1842 sandar da ke riƙe ƙafafun wani kan jirgi ta karye tsakanin Versailles da Paris, mutum fiye da hamsin suka mutu. Daga shekarun 1850 zuwa 1870 wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya yi ta juya sandunan ƙarfe a inji yana ƙirga zagaye nawa kowacce ke yi kafin ta karye, ya nuna cewa yawan hawa da saukar lodi ne ke kashe ƙarfe. Da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, wannan tsohuwar magana za ta zo har ƙofar gida.

Yaya ake dasa matsin da gangan?

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce feshin ƙwallaye. Ana harba ƴan mitsi-mitsin ƙwallayen ƙarfe, ko na gilashi ko na tangaran, da iskar kwamfaresa ko da wata ƙafa mai fukafukai da ke juyawa da gudu. Ƙwallon da ake yawan amfani da shi faɗinsa kamar milimita 0.6 ne, nauyinsa bai cika miligiram ɗaya ba, don haka kilo guda ya haura ƙwallo miliyan. Gudunsu kan kai mita 50 a daƙiƙa, wato kilomita 180 a awa, wani lokacin ma fiye.

Kowane ƙwallo yana barin ɗan lotsi. Ƙarfen da ke ƙarƙashin lotsin ya baje gefe, yana neman fili. Da lotsi ya rufe fatar duka, fatar ta zama ta fi jikin da ke ƙarƙashinta faɗi, amma jikin ya fi ta kauri nesa ba kusa ba, ba zai bar ta ta faɗaɗa ba. Kamar kujerar baya ce ta motar Jibiya da aka cusa mutum huɗu a wurin uku: ƙofofi ba sa matsawa, don haka kowa na matse da ɗan'uwansa har a sauka.

Zurfin wannan fata kaɗan ne, daga kashi ɗaya cikin goma na milimita zuwa wajen rabin milimita. Matsin ya fi ƙarfi ɗan ƙasa da fatar, inda yakan kai rabin ƙarfin tsinkewar ƙarfen ko ya ɗan ɗara. Daga nan ya yi ta raguwa har sifili, sai kuma ɗan ja mai rauni a can ciki wanda ke biyan bashin matsin. Sifirin, haƙoran giya, sandar da ke haɗa fistan, duk sun sha wannan feshi kafin su baro masana'anta. A sifirin mai ganye, fuskar sama ce ake yi wa, domin ita ke shan ja in lodi ya danne motar. Wasu masana'antun ma sai sun lanƙwasa ganyen sun riƙe shi a haka sannan su fesa, don matsin ya ƙara zurfi da ƙarfi.

Ba shi ne fesa yashi da ake yi kafin fenti ba?

A'a. Yashi da tsakuwar ƙarfe masu kaifi ne, aikinsu kankare tsatsa da tsohon fenti. Na dasa matsi dole ya zama mulmulalle, girmansa ɗaya, kuma injin yana tace fasassun yana fitarwa, don fasasshen ƙwallo yanka yake yi.

Ban da ƙwallaye fa?

Akwai murza. Ana danna wata ƴar ƙafa mai tauri ko ƙwallo guda a kan ƙarfen yana juyawa. Ita ake yi wa kwanonin sandar inji mai gwiwa-gwiwa da fistoci ke juyawa, don a kwanonin nan take karyewa. Murza tana kai matsi zurfin milimita ɗaya ko fiye, kuma tana barin fata sumul, abin da feshi ba ya yi. Akwai dukan hasken leza, wanda aka fara bincikensa a cibiyar Battelle ta jihar Ohio a Amurka a shekarun 1970, aka kuma fara amfani da shi kan fukafukan injin jirgin sama a shekarun 1990. Walƙiyar leza ce ke tayar da ƙaramar fashewa a kan fata ƙarƙashin shimfiɗar ruwa, girgizar ta nutsa ciki. Yana da zurfi, yana da tsada. Sai kuma guduma mai bugu da sauri da ake bi da ita gefen walda, za mu zo kanta.

Tunda aikin yana yi, me ya kawo kwamfuta ciki?

Abin da ake nema ba ya ganuwa, kuma auna shi na nufin ɓata kayan. Ga girman ƙwallo, ga taurinsa, ga gudu, ga kusurwar da yake sauka, ga tsawon lokaci, ga irin ƙarfen. In za a gwada kowane haɗi a inji, sannan a kai ɗakin awo, sannan a jira gwajin gajiya na makonni, kuɗi da lokaci za su ƙare ba a gama ba. Kwamfuta tana rage yawan gwajin. Tana kuma nuna abin da na'urar awo ba ta iya shiga, kamar gindin haƙorin giya ko bakin ramin mai. Sai dai ba ta maye gurbin awo, kuma duk wanda ya ce muku ta maye, ku tambaye shi inda ya samo lambobin ƙarfensa.

Yaya ainihin lissafin yake tafiya?

Ana yanka ƙarfen, a cikin kwamfuta, gutsi-gutsi, dubbai ko miliyoyi, kowane gutsure yana haɗe da maƙwabtansa ta kusurwoyi. Wannan saƙa ita ake kira raga. Lissafin gutsure ɗaya mai sauƙi ne, kwamfuta kuma ba ta gajiya da maimaita shi. Hanyar ta fito ne daga lissafin fukafukan jirgin sama a kamfanin Boeing a shekarun 1950, Ray Clough na jami'ar Berkeley ya raɗa mata suna "finite element" a 1960.

Wahalar feshi ita ce ƙanƙanta da sauri. Ƙwallon milimita 0.6 a gudun mita 50 yana taɓa ƙarfen na kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya koma. Faɗin lotsin da ya bari wajen milimita 0.2 ne. Don lotsin ya fito da siffarsa, sai gutsuren raga ya zama kamar mikiron 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ku lissafa: ɗan dunƙulen da kowane gefensa milimita ɗaya ne zai ci 100 sau 100 sau 100, gutsure miliyan guda. Ga lokaci kuma. Girgiza tana gudu cikin ƙarfe fiye da mita 5000 a daƙiƙa, kuma ƙa'idar irin wannan lissafi ita ce taki ɗaya kada ya wuce lokacin da girgizar ke ɗauka ta ratsa gutsure mafi ƙanƙanta. Mikiron 10 a wannan gudu bai wuce kashi biyu cikin biliyan na daƙiƙa ba. Bugun ƙwallo ɗaya ke nan ya ci taki ɗari biyar ko fiye, kowane taki a kan gutsure miliyan.

Shi ya sa ba wanda ke lissafa sifirin sukutum da ƙwallayensa. Ana ɗaukar ɗan fili, milimita ɗaya ko biyu, a sa raga mai laushi a sama, mai gauri a ƙasa, a kewaye gefuna da abin da zai shanye girgiza don kada ta dawo ta rikita sakamako. A rubuta ɗan shiri, galibi da harshen kwamfuta na Python, ya watsa ƙwallaye a wurare na kan-mai-uwa-da-wabi. Bayan ƙwallo na ƙarshe sai a bar ƙarfen ya natsu, sannan a ɗauki matsakaicin matsi a kowane zurfi. Matsakaici ne ake ɗauka domin daga wannan lotsi zuwa wancan lambobin suna tsalle sosai.

Daga ɗan filin nan ake ɗauko miƙewar dindindin da fatar ta yi a kowane zurfi, a shimfiɗa ta a fatar babban samfurin sifirin ko giya, a bar kwamfuta ta nemo daidaito. A nan ake ganin ko kayan zai lanƙwashe, da inda ja ya taru a ciki. Wasu suna ƙara wani lissafi na daban a gaba, wanda ke bin ƙwallayen tun daga bakin bututun feshi, yana ƙirga waɗanda suka yi karo da juna a iska da waɗanda suka kasa shiga lungu.

Ƙwallo nawa ake harbawa a lissafin?

Fiye da yadda ake zato, don ƙwallaye suna faɗawa kan tsohon lotsi. Da farko fili na cika da sauri, daga baya sai ya yi ta jan ƙafa. A wannan sana'a, in lotsi ya rufe kashi 98 cikin ɗari ana ɗaukar fatar ta cika. Lissafin dace ya nuna kafin a kai nan, sai jimillar faɗin lotsin da aka yi ta ninka faɗin filin kusan sau huɗu. A fili mai milimita ɗaya kowane gefe, da lotsi mai faɗin 0.2, ƙwallo ɗari da ashirin da wani abu ke nan. Samfurin da aka yi da ƙwallo huɗu ko tara a jere yana da kyau don koyo, amma ba feshi ba ne.

Ina lissafin ke yin kuskure?

Ba kasafai a raga ba. Kuskuren raga yana da magani: a ƙara laushinta, a sake, in amsa ta daina canzawa an isa. Babban ramin yana wajen gaya wa kwamfuta halin ƙarfen.

Kwamfuta ba ta san ƙarfe ba. Abin da ta sani lambobi ne da aka ba ta: taurin miƙewa, wanda a ƙarfe kusan gigafaskal 210 ne (gigafaskal ɗaya megafaskal dubu ne), nauyi kilo 7850 a dunƙulen da kowane gefensa mita ɗaya ne, iyakar lanƙwasa, da yadda yake ƙara tauri in ana dukansa. Biyun farko kusan ɗaya suke a kowane ƙarfe. Sauran kuwa sun bambanta ko a ƙarfe iri ɗaya, gwargwadon wutar da ya sha da yadda aka huce shi.

Abu na farko, sauri. Ƙarfen da aka ja a hankali a injin gwaji daban yake da wanda aka doka cikin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Na biyun ya fi taurin kai. Yawancin masu lissafi suna amfani da dokar da Gordon Johnson da William Cook suka fitar a 1983, wadda ta haɗa tasirin miƙewa, sauri da zafi. Amma lambobinta ana samo su ne daga gwajin da saurinsa bai kai na feshi ba, sai a miƙa layin zuwa inda ba a auna ba. Ɗalibai kuma sun saba kwafo lambobin daga takardar wani, na ƙarfe mai suna iri ɗaya amma tauri daban. Sakamakon zai fito da launuka masu kyau, ja da shuɗi, kamar na gaske.

Abu na biyu, komowa. Kowane wuri a fatar yana shan duka sau da yawa, daga nan a tura shi, daga can a dawo da shi. Tun shekarun 1880 Johann Bauschinger a Munich ya gano cewa ƙarfen da aka lanƙwasa ta wani gefe yakan yi saurin sallamawa in aka juya shi ta ɗaya gefen. Dokar da ba ta san da wannan ba tana ɗauka ƙarfen ƙara tauri kawai yake yi da kowane bugu, sai ta ba da matsin da ya fi na gaske. Dokoki irin na masanin Faransa Chaboche suna gyara wannan, amma suna neman gwajin ja-da-matsi na maimaici kafin a sami lambobinsu.

Na uku, kayan ba sabo fil yake zuwa ba. Giya da aka shayar da fatarta gawayi aka tsoma a mai tana da nata kwantaccen matsin tun kafin feshi, kuma wani sashe na ƙwayoyinta yana sauya siffa ya ƙara girma in an doke shi. Sai gudun ƙwallon kansa: injin feshi matsin iska yake nunawa, ba gudu ba. Sai batun ko ƙwallon yana lotsewa, wanda dole a sa shi in ƙarfen ya kai ƙwallon tauri.

A ganina, zanen da bai zo da awo ko ɗaya a gefensa ba, hasashe ne mai launi. Amfaninsa na gaske shi ne kwatanci: in na ƙara girman ƙwallo matsin zai ƙara zurfi, in na ƙara gudu fata za ta ƙara kaushi. A wannan kwamfuta ba ta cika ƙarya ba. A ainihin lambar kuwa sai an tabbatar.

Da me ake tabbatarwa?

Mafi tsufa kuma mafi arha shi ne ɗan fallen Almen, sunan John Almen na kamfanin General Motors wanda ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1940. Falle ne na ƙarfen sifirin, tsawonsa milimita 76, faɗi 19. Kala uku ne: N mai kaurin milimita 0.79, A mai 1.29, C mai 2.39. Ana ɗaure shi da kusoshi huɗu a kan dunƙulen ƙarfe, a fesa fuska ɗaya. Yana ɗaure a miƙe yake. Ana kwance kusoshin sai ya yi doro, fuskar da ta sha duka tana sama, ta dushe ta yi ƙuraje-ƙuraje, ta ƙasa tana nan da shekinta. A ɗora shi a kan agogon awo a karanta tsayin doron. Ana yin haka da falle da yawa, kowanne da lokacinsa, har a kai inda ninka lokaci sau biyu ba ya ƙara doron fiye da kashi 10 cikin ɗari. Tsayin doro a wannan wuri shi ne ƙarfin feshin. Ba matsin cikin kayanku yake aunawa ba, ƙarfin ruwan ƙwallayen yake aunawa. Amma mai lissafi zai iya kwaikwayon fallen, ya yi ta gyara gudun ƙwallo har doronsa ya yi daidai da na agogo.

Awon matsin kansa da hasken ekisire ake yi, wanda ke auna tazarar da ke tsakanin layukan ƙwayoyin ƙarfe. Hasken ƴan mikiron kaɗan yake shiga, don haka sai a narkar da fata da lantarki da ruwan sinadari, a auna, a sake narkarwa, har a gama zurfin. Ba a gurzawa, don gurza tana dasa nata matsin. Akwai kuma hanyar huda da Josef Mathar ya kawo a 1934: a manna ƴan na'urorin jin miƙewa, a huda ƙaramin rami kamar milimita 2 a tsakiyarsu kaɗan-kaɗan, a karanta yadda ƙarfen ke saki.

Malam, ni ɗalibi ne, ƙaramar kwamfuta gare ni. Zan iya yin wannan a nan Maraɗi?

Za ka iya, ɗan'uwa, in ba ka fara da ƙwallo ɗari ba. Ko a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kake, ko ka fito daga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa kana shirin wucewa EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, a Yamai, matakin farko ɗaya ne: ƙwallo guda, yana saukowa a tsaye. Tunda ta ko'ina ka zagaya shi siffa ɗaya ce, yanki mai tsawo da faɗi kawai ya isa, kuma mintoci kaɗan zai ci. Fara da danni mai sauƙi wanda bai kai ga lotsi ba, ka gwada amsarka da lissafin Heinrich Hertz na farkon shekarun 1880, wanda ake yi da biro. In sun dace, ragarka da taɓawarka lafiya suke. Sannan ka ƙara lotsi, sannan sauri.

Manhajojin da manyan kamfanoni ke amfani da su, Abaqus, Ansys da LS-DYNA, lasisinsu na da tsada. Abaqus na ɗalibai kyauta ne amma kusurwa 1000 kawai yake ɗauka. Na kyauta na gaske akwai CalculiX, akwai OpenRadioss da aka saki a 2022 wanda aikinsa ke nan lissafin karo, akwai kuma Code_Aster na kamfanin lantarkin Faransa, EDF, wanda takardunsa na asali da Faransanci suke. Wannan riba ce gare mu da maƙwabtanmu na Katsina ba su da ita.

Dogon lissafi kuwa, sa shi ya riƙa ajiye inda ya kai lokaci-lokaci saboda ɗaukewar wuta, kuma a watan Afrilu da Mayu ka ɗaga kwamfutar daga kan katifa, ta sha iska.

Abin da zai bambanta aikinka da na wasu shi ne awo, ko da na talaka ne. Fallen ƙarfe, agogon awo na masu injin sassaƙa ƙarfe, da ƙwallon boris guda da za ka saki daga sanannen tsayi a kan gogaggen ƙarfe ka auna faɗin lotsin da madubin ƙara girma. Gudunsa kaɗan ne, daga mita biyu bai wuce mita 6 da ɗoriya a daƙiƙa ba, amma lamba ce da hannunka ya samo.

Maigida na gareji yana tambaya: sifirin ya kwanta, in gasa shi in mayar masa da doro?

Doron zai dawo, Maigida, amma abu biyu sun tafi. Kwantaccen matsin feshi yana fara saki tun zafi na wajen digiri 250, wutar da za ta sa ganyen ya yi ja kuwa ta ninka haka. Taurin da masana'anta ta ba shi ma ya tafi, kuma wuta tana cinye gawayin fatar ta bar ta da laushi, daidai inda tsaga ke farawa. Shi ya sa gasasshen ganye kan sake kwanciya ko ya karye da wuri, musamman a motar da ke ɗaukar lodin albasa ko wake fiye da ƙa'ida. Yawan lodin kansa yana cin matsin: duk tsallen da ya kai fatar ga lanƙwashewa yana rage shi.

Haka gurza. Wanda ya bi fuskar sama ta ganye da injin gurza don ya cire tsatsa, rabin milimita kawai zai ci ya kwashe fatar duka. Buroshin waya ya wadatar. Ɗigon walda a kan ganye, ko kyasta sandar walda a jikinsa don a ga ko wuta ta zo, ya fi duka muni: ɗan tabon nan yana hucewa nan take, ya yi tauri mai gautsi, ga kwantaccen ja kewaye da shi.

Yawan duka yana ƙara lafiya?

Yana da iyaka. Bayan fata ta cika, ƙarin feshi ba ya ƙara matsi sosai, sai dai ya ƙara kaushi, ya ninke bakin lotsi a kan juna, ya haifar da ƙananan tsagogi. Siririn ƙarfe kuma lanƙwashewa yake yi.

Mu masu walda, guduma za ta yi mana wannan aikin?

Za ta yi wani abu, in an san inda ake duka. Shasin tirela, amalanke, ƙafar injin niƙa, duk inda suka tsage za ku ga daga gefen walda ne, daidai layin da narkakken ƙarfe ya haɗu da farantin. A nan siffa ta karye, a nan kuma kwantaccen ja ya taru. Ƙungiyar walda ta duniya, IIW, ta amince da hanyoyin gyara wannan layi: a gurje shi da ɗan dutse mai zagayayyen kai, ko a sake narkar da shi da wutar waldar TIG, mai aiki da iskar argon, ko a doke shi. A 2016 ta fitar da ƙa'idojin na'urorin duka masu saurin gaske, waɗanda asalinsu ya koma binciken Tarayyar Sobiyet na shekarun 1970. Ana kwaikwayonsu a kwamfuta mataki biyu: a fara lissafa zafin walda da jan da ya bari, sannan a bi da bakin guduma a kai.

Wanda ke da gudumar iska zai iya gyara mata baki ya zama mulmulalle, ba mai kaifi ba. A bar waldar ta huce, a kankare ƙwanson, a riƙe bakin a karkace yana kallon layin, a bi shi a hankali sau uku ko huɗu har ya zama ƴar kwata ɗaya mai santsi, ba tare da sauran tsohon layin a tsakiyarta ba. Kada a doki zubin farko na cikin gindi, don siriri ne, yana iya tsagewa. Kada kuma a doki wurin da ya riga ya tsage: guduma za ta rufe bakin tsagar ido ya daina ganinta, ita kuwa tana nan tana tafiya a ƙasa. Wannan sai an gurje ta har ƙarshenta, an sake walda, an bari ta huce, sannan a doka. In daga baya aka sake kawo wuta kusa da wurin, ko don liƙa wani ƙarfe ko don miƙe shasi, sai a sake bin layin da guduma daga farko.